Duwatsun kaburburan Gao da rigimar da suka tayar a tarihin Songhai

A shekarar 1939 ne wasu jami'an mulkin mallaka na Faransa suka ci karo da wasu duwatsu a cikin rairayi a wani kufai da ake ce wa Gao Sane, 'yan kilomitoci kaɗan gabas da garin Gao na ƙasar Mali ta yanzu. Duwatsu ne na kan kabari, an sassaƙa masu rubutun Larabci, kuma wasu daga cikinsu ba irin dutsen yankin ba ne ko kaɗan, farin marmara ne sumul, irin wanda masu gini a wajenmu suke ce wa mabul. Tun daga lokacin har yau masana ba su gama cacar baki a kansu ba, kuma ni a ganina duk mai sha'awar tarihin ƙasashenmu ya kamata ya san wannan magana, don ta shafi yadda muke karɓar labarin da gaba ɗaya, ba na Songhai kaɗai ba.

Bari dai mu fara da wurin. Gao tana bakin kogin Kwara ne, ta gaɓar hagu idan kana bin ruwa, kuma wani abu da zai ba ka sha'awa shi ne mutanen can ita wannan gaɓa da garin yake "Hausa" suke ce mata, ɗaya gaɓar kuma "Gurma". Harshensu ɗan'uwan Zabarmanci ne na Nijar, in Bazabarme ya je ba zai rasa na cewa ba. Garin tsoho ne ƙwarai, shi ne ya zama babban birnin daular Songhai. Marubutan Larabci na da sun san da shi, tun ƙarni na 9 Yaƙubi ya ambace shi da sunan Kaukau ya ce masarauta ce mafi girma a ƙasar baƙaƙe, Muhallabi a ƙarni na 10 ya ce sarkinsu musulmi ne, sannan Bakri da ya yi rubutunsa a Andalus a 1068 ya ce garuruwa biyu ne, ɗaya na sarki ɗaya na musulmi, kuma in za a naɗa sabon sarki zobe da takobi da Alƙur'ani ake miƙa masa. To amma duk waɗannan daga nesa suke magana, babu wanda ya taka ƙafarsa a Gao cikinsu, abin da fatake suka gaya masu ne ko abin da suka kwafo a littafin wani. Duwatsun nan kuwa na mutanen garin ne, su suka ce a rubuta, su suka kafa a kan mamatansu.

Wani Bafaranshe masanin rubutun Larabci na kan dutse, Jean Sauvaget, shi ya fara zama ya karanta su da kyau ya wallafa wajejen 1949 zuwa 1950. Da ya dubi salon rubutun da yadda aka tsara fuskar dutsen sai ya ce ai wannan aikin Almeriya ne. Almeriya gari ne na bakin teku a kudancin Sifen, wato Andalus ta wancan zamani, kuma akwai ma'adanar farin marmara a duwatsun Makayel da ke kusa da ita. Masassaƙan garin suna da wani salo nasu da aka san su da shi, sukan zana wata 'yar baka kamar mihrabin masallaci a tsakiyar dutsen, su cika cikinta da rubutu, su kewaye gefe da wani layin rubutun, duk da rubutun Kufi mai kusurwa, haruffan sun taso sama an ƙwaƙule abin da ke kewaye da su. In ka ajiye na Gao kusa da waɗanda aka tono a maƙabartun Almeriya za ka rantse shago ɗaya suka fito.

Yanzu ka tsaya ka yi lissafin abin da wannan yake nufi. Tsakanin Almeriya da Gao in ka ja layi miƙe ya haura kilomita 2000, da teku a tsakani, da Sahara sukutum. Kuma dutsen kabari ba kamar turmin atamfa ba ne da za ka saro ka ajiye sai mai saye ya zo, dole sai mutum ya mutu tukuna, don akwai sunansa da sunan ubansa da rana da wata da shekarar da ya rasu. Ke nan sarki ya rasu a Gao, a rubuta takarda a ba madugu, ayari ya tashi ya yi arewa, Bakri ya ce daga Gao zuwa Tadmakka, wani garin fatake a arewa, zango tara ne, daga Tadmakka zuwa Wargala ta Aljeriya ta yanzu kuma kwana hamsin cikin hamada, daga nan a kai bakin teku a shiga jirgin ruwa, takarda ta isa hannun masassaƙi ya zauna ya yi aikinsa harafi bayan harafi, sannan a naɗe wannan uban nauyi a ɗora wa raƙumi a sake keto hamadar ba tare da ya tsage ba. Ko ta wace hanya aka bi, ta Wargala ce ko ta Sijilmasa ta kudancin Maroko, magana ce ta watanni masu yawa. Mutanen da za su iya wannan oda suna da wakilai amintattu a kowane zango, suna da zinariyar biya, suna da malaman da za su tsara lafazin, kuma sun san cewa a Almeriya ake yin mai kyau. Wannan fa shekara 900 da suka wuce ke nan.

Lokacin ma ya dace. Almurabiɗun, waɗanda asalinsu Sanhaja ne na hamada masu rufe fuska da rawani, sun kama Sijilmasa da Audagust a tsakiyar ƙarni na 11, suka gina Marrakesh, suka tsallaka Andalus ƙarƙashin Yusuf bin Tashfin, Almeriya ta shiga hannunsu a 1091. Daga bakin hamada har Andalus sai ya zama hukuma ɗaya ce ke riƙe da hanya, zinariyar Afirka ta Yamma tana hawa sama ana buga dinari da ita, Almeriya ta zama babbar tashar jiragensu, ta yi suna wajen saƙar alharini. A 1147 sarkin Kastila Alfonso na 7 da taimakon jiragen Jenowa ya ƙwace garin. Fararen duwatsun Gao sun faɗo ne daidai cikin wannan tsakanin da Almeriya take kan ganiyarta.

To me aka rubuta? Bisimilla a sama, salati, ayoyin da ke tuna mutuwa, sannan "wannan kabarin wane ne", da laƙabobinsa, da ranar rasuwa, da roƙon rahama. Sarakuna uku na farko su ne suka fi ɗaukar hankali. Na farko Abu Abdullahi Muhammad bin Abdullahi bin Zagi, ya rasu a shekara ta 494 bayan hijira, wato ƙarshen 1100. Na biyu Abubakar bin Abi Ƙuhafa, ya rasu 503, wato 1110. Na uku Umar bin Khaɗɗab, ya rasu 514, wato 1120, shi kuma dutsensa ya kawo sunansa na gida, Yama ɗan Kuma ɗan Zagi.

Ko ɗan makarantar allo ya ji wannan jeri zai ɗago kai. Muhammad bin Abdullahi, sai Abubakar bin Abi Ƙuhafa, sai Umar bin Khaɗɗab, a jere kuma yadda suka zo. Ba dace ba ne, don ba zai yiwu a ce an yi katari uban na biyu sunansa Abu Ƙuhafa na uku kuma Khaɗɗab ba, ga shi dutsen na ukun ma ya tona cewa sunan ubansa Kuma. Sunayen sarauta ne suka ɗauka da gangan, sunan Annabi sallallahu alaihi wasallam da na halifofinsa biyu na farko cikakku har da na iyayensu. Ni yadda na fahimci abin, gidan sarautar nan suna shelanta wa duniya ne cewa a nan bakin Kwara an buɗe sabon shafi, yadda Musulunci ya kafu a Madina haka mu ma muke kafa shi a ƙasarmu, kuma sun zaɓi su faɗi haka da harshen da duk musulmin da ya zo daga Ƙairawan ko Fas ko Kurɗuba zai gane nan take. Amma ba su yar da Yama da Kuma da Zagi ba, ga su nan a kan dutse ɗaya da ayar Alƙur'ani. Mu da muke da Muhammadu Rumfa da Ibrahim Dabo da Abdullahi Burja ba baƙon abu ba ne a wurinmu, sunan yanka da sunan gida suna tafiya tare.

Sai maganar mata, wadda ita ce ta fi burge ni. A cikin duwatsun akwai na mata masu laƙabin "malika", wato sarauniya. Ɗaya ta rasu a 502, wato 1108, sunanta ana karanta shi Suwa, ita ma farin marmarar Almeriya aka yi mata, daidai da na sarakuna maza. Akwai wata kuma da ta rasu 1119. Ba a rubuta su a matsayin matar wane kawai ba, laƙabin sarauta aka ba su. Masana da dama suna ganin muƙami ne mai zaman kansa da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da na sarki, kuma wanda ya san Magajiya a Daura da Inna a Gobir da Magira a Borno ba zai yi mamakin haka ba. Abin lura shi ne littattafan tarihin Tumbutu da aka rubuta daga baya, waɗanda su ne madogarar kowa, jerin maza zalla suka kawo. Ba don dutse ba da babu wanda zai san an yi waɗannan mata.

Nan ne rigimar ta fara. Tarihin Songhai da aka koya wa kowa daga littattafai biyu ya fito, Tarikhus Sudan na Abdurrahman Sa'adi wanda aka kammala wajejen 1655, da Tarikhul Fattash na kusan wancan zamani. Sa'adi ya jero sarakunan farko da ake ce wa Za ko Zuwa su 32. Ya ce na farkonsu Za Alayaman baƙo ne daga Yaman, ya iso Kukiya ya tarar mutane suna bauta wa wani kifi da ke fitowa daga kogi da zobe a hanci yana ba su umarni, ya soke shi ya kashe, suka naɗa shi sarki. Duk Bahaushe ya ji wannan zai tuna Bayajidda da macijiyar rijiyar Kusugu, baƙo daga gabas, dodon ruwa, sarauta a matsayin lada. Sa'adi ya ƙara da cewa na 15 a jerin, Za Kusoi, shi ne ya musulunta a shekara ta 400 bayan hijira, wajejen 1009 zuwa 1010. Shi ke nan, aka ɗauki wannan aka zuba a littattafan makaranta.

Da aka zo aka ɗora sunayen kan dutse a kan jerin Sa'adi sai suka ƙi hawa. Babu Abubakar bin Abi Ƙuhafa a jerinsa, babu malika ko ɗaya, laƙabin da ke kan duwatsun farko "malik" ne, kalmar Zuwa kuma sai a duwatsun da suka biyo baya take fitowa. Sai masana suka rabu. John Hunwick ya karkata ga cewa waɗannan sarakunan na Sane wani gida ne daban mai alaƙa da Sanhaja da Almurabiɗun, shi ya sa suka san hanyar Almeriya. Dierk Lange ya ce a'a, 'yan ƙasa ne, kuma ya yi ƙoƙarin nuna cewa su ne dai wasu daga cikin Za ɗin Sa'adi da wasu sunaye. Kowa da hujjarsa, kuma abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne yanayin rubutun kansa.

Wannan sai na ɗan yi bayani don wanda bai taɓa ganin Kufi a kan dutse ba zai ɗauka karatu ne kawai kamar na jarida. Babu wasali, sau da yawa babu ɗigo. Ka san ba da ta da sa da nun da ya in suna tsakiyar kalma duk ɗan haƙori ɗaya ne, ɗigo ne ke raba su. To cire ɗigon. In kalmar Larabci ce ba matsala, mai karatu ya san "rahimahullah" ko da rabinta ya goge, ya san ayar da aka fara zai ƙarasa da ka. Amma sunan Songhai ko na Buzaye fa, wanda ba ya cikin kowane ƙamus? Ka ɗauka an rubuta maka kaf da ra kawai a ajami ba fataha ba rufu'a, kara ne ko kura ko kore ko kuri? Haka sunan sarauniyar 1119 yake, baƙaƙe uku ne mim da sin da ra, masana sukan rubuta shi haka nan tsirara ba wasali. Ita kanta kalmar da ake rigima a kai, wani ya karanta Za, wani Zuwa, wani Zu'a. Ga kuma iska da rairayi da suka shekara ɗaruruwa suna gogar dutsen. Shi ya sa harafi ɗaya kan iya ɗaga ra'ayi sukutum ko ya rushe shi.

Mutumin da ya fi kowa ba wannan aiki rayuwarsa shi ne Paulo Fernando de Moraes Farias, ɗan ƙasar Birazil da ya koyar a jami'ar Birmingham ta Ingila. Ya shafe shekaru da dama yana zuwa Mali yana bin maƙabartu da tsaunuka yana ɗaukar hoto yana kwafa, a 2003 ya fitar da kundi mai rubuce-rubuce kimanin 250. Kuma bai tsaya a Gao ba, ya haɗa da Essuk da Bentiya.

Essuk ita ce tsohuwar Tadmakka, tana cikin duwatsun Adag kusa da Kidal, ƙasar Buzaye. Bakri ya ce ma'anar sunan shi ne mai kama da Makka, don gari ne a tsakanin tsaunuka. A can aka samu rubutun Larabci mai kwanan wata mafi tsufa da aka sani a Afirka ta Yamma, shekara ta 404 bayan hijira, wato 1013 zuwa 1014, kuma can ba a kan kabari kaɗai ake rubutu ba har a jikin tsauni, ga Larabci ga Tifinag na Buzaye kusa da juna. Bakri ya kuma ce dinarinsu "mai sanƙo" ne, zinariya zalla ba tambari, an daɗe ana ɗaukar maganar kamar labarin matafiya, sai a 2005 Sam Nixon ya yi tono a wurin ya samu gutattsarin kaskon yumɓu masu 'yan ramuka da ake zuba narkakkiyar zinariya, har da ɗigon zinariyar maƙale a jiki. Bentiya kuwa tana kudu da Gao a bakin kogi wajen Ansongo, hanyar da ta nufo iyakar Nijar, ana ganin ita ce Kukiya ta labarin kifi, duwatsunta na ƙarni na 13 zuwa na 15 ne, kuma aikin gida ne da dutsen gida. A Sane ma haka aka yi, bayan 'yan fararen nan na farko sai masassaƙan gari suka karɓi sana'ar suna yi da dutsen da ke kusa da su. Wato abin ya zauna ya zama al'adar wurin har tsawon ƙarnuka.

Ga misali ɗaya da ke nuna ƙarfin dutse a kan littafi. Kowa ya san Askiya Muhammad da ya karɓi mulki a 1493 bayan Sunni Ali, wanda Magili ya je wurinsa bayan ya bar Kano ta zamanin Rumfa. Sa'adi ya ce asalin kalmar Askiya shi ne da labari ya kai wa 'ya'yan Sunni Ali mata sai suka ce da harshensu "ba zai zama ba", shi kuma ya riƙe kalmar ta zama laƙabinsa. Labari mai daɗi, mai saurin shiga kai. Sai ga duwatsu a Gao na ƙarni na 13 ɗauke da laƙabin Askiya, sama da shekara 200 kafin a haifi wannan rigima. Ke nan tsohon muƙami ne da ya riga shi, labarin matan daga baya aka ƙirƙiro shi don a fassara kalmar da aka manta asalinta. Mu ma muna da irin wannan da yawa, sunan gari ko na unguwa a ce wai wani ne ya faɗi kaza shi ya sa ake kiran wurin haka.

Abin da Farias ya fitar daga duk wannan shi ne, kada a ɗauki Sa'adi da takwarorinsa kamar rakoda da ta naɗi abin da kakanni suka faɗa ta maimaita. Malamai ne masu tunani da manufa, sun yi rubutu ne bayan sojojin Maroko sun rusa daular Songhai a yaƙin Tondibi a 1591, a lokacin da jikokin Askiya da malaman Tumbutu da jikokin sojojin da suka ci su da yaƙi suke neman yadda za su zauna tare. Suna buƙatar tarihi guda miƙaƙƙe, gida bayan gida, Za sai Sunni sai Askiya, ba giɓi. Inda suka tarar da rami sai suka cike da abin da ke hannu, har ya nuna cewa labarin Ali Kulun da aka ce shi ya kafa gidan Sunni ya yi kama ƙwarai da tatsuniyoyin Buzaye na wani gwarzo Aliguran. Wannan ba zagin Sa'adi ba ne wallahi, ni a wurina ɗaga darajarsa ne, an mayar da shi marubucin tarihi da za a yi muhawara da shi. Tsakaninsa da sarkin da ya rasu a 1100 akwai shekara 550. Ka auna, kamar kai ne yau a ce ka rubuta abin da ya faru a zamanin Rumfa ba tare da takardar zamanin ba.

Kuma kada a ɗauka shi dutsen ba ya da nasa son rai. Wanda ya biya kuɗin sassaƙa shi ya zaɓi abin da za a rubuta, laƙabobin yabo ne na masu mulki, talaka da bawa da masunci ba su samu farin marmara ba. Abin da dutse ya fi littafi da shi guda ne, an rubuta shi a lokacin, kuma ba wanda ya sake kwafe shi ya gyara. Littafi kuwa duk mai kwafa yana iya sa hannu, shi kansa Fattash an tabbatar an yi masa ƙari a ƙarni na 19 don a ƙarfafa da'awar Shehu Ahmadu Lobbo na Masina.

Dole mai karatu ya tambaya, to mu ina namu? Tarihin Kano da muke ji da shi, mai farawa da Bagauda a 999, a ƙarshen ƙarni na 19 aka rubuta shi yadda yake a yanzu, kuma tsawon mulkin kowane sarki ya bayar, shekarun miladiyyar da muke haddacewa Baturen mulkin mallaka Palmer ne ya lissafo su da baya-baya ya fitar a 1908. Da a ce akwai dutse ɗaya tak mai kwanan wata daga zamanin Yaji da Wangarawa suka zo, da an huta da gardama mai yawa. Amma mu ba mu gaji rubutu a kan kabari ba, kuma akwai dalili na addini. Hadisin Jabir ya hana shafe kabari da farar ƙasa da gini a kansa da zama a kansa, a riwayar Tirmizi har da rubutu, malaman Malikiyya sun karhanta. Sai dai Hakim mai Mustadrak ya ce a zamaninsa shugabannin musulmi gabas da yamma akwai rubutu a kaburburansu, Zahabi kuma ya mayar masa da cewa abu ne da aka fara daga baya. Ke nan saɓanin tsoho ne, mutanen Gao da Tadmakka sun bi abin da ake yi a Andalus da Ƙairawan, mu kuma muka tashi a kan ɗaya ɓangaren. Ba ina kira a fara kafa marmara a maƙabarta ba ne, ina dai nuna abin da ya sa su suke da wannan shaida mu ba mu da ita.

Na tuna ranar da na raka wani kawuna maƙabarta zai nuna min kabarin kakanmu. Da aka binne shi an kafa ɗan guntun langa-langa an rubuta suna da fenti, shekara ba ta fi ashirin ba. Muka yi ta zagaye cikin ciyawa yana cewa kusa da wata bishiyar dogon yaro ne, bishiyar an sare, langa-langan da muka tarar duk sun yi tsatsa ba a ganin komai, wasu ma an tsince su. A ƙarshe ya tsaya a wani wuri ya ce nan ne in Allah ya so, muka ɗaga hannu muka yi addu'a ga duk wanda ke wurin. A hanyar dawowa ne na tuna Suwa, wadda aka san shekarar rasuwarta bayan shekara 900, har ranar da watan suna nan a rubuce.

Tonon da aka yi a Gao daga baya ya ƙara wa duwatsun nauyi. Colin Flight ya yi aiki a Sane a shekarun 1970, Timothy Insoll a shekarun 1990 ya tono tarin hauren dorina sama da 50 a tsohuwar Gao, da alama kayan fatauci ne da aka tara za a kai arewa, sannan Mamadou Cissé ɗan Mali da abokan aikinsa sun samu duwatsun ado na gilas da gutattsarin tagulla masu yawa a tudun Sane, wasu tun ƙarni na 8 zuwa na 10. Ke nan tun kafin sarakunan nan uku garin yana cikin harkar kasuwancin hamada tsundum, odar dutse daga Almeriya ɗorawa ce a kan hanyar da aka daɗe ana bi.

Abin baƙin ciki, su waɗannan duwatsun adon ne suka jawo wa wurin bala'i. Masu haƙa don sayarwa sun huda tudun Sane ramuka ramuka, kuma duk ramin da aka haƙa ba bisa ƙa'ida ba an hautsina ƙasar da ke nuna wane abu ya riga wane, ba mai iya mayar da ita. Talauci ne ke tura mutane, masu saye kuma suna can waje. Wasu daga cikin duwatsun an kwashe su zuwa gidan tarihi na ƙasa a Bamako, da yawa kuma musamman na Essuk da Bentiya suna nan a fili inda aka kafa su. Sai ga 2012, 'yan tawaye da masu iƙirarin jihadi suka kama arewacin Mali, Gao ta zauna a hannunsu har Janairun 2013, a Tumbutu aka rushe hubbaren waliyyai har kotun duniya ta ɗaure Ahmad Faƙi Almahadi shekara 9 a 2016, Unesko ta sa kabarin Askiya na Gao cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. Yankin Kidal da Ansongo har yanzu ba wurin da mai bincike zai ɗauki kyamara ya tafi hankali kwance ba ne, don haka a halin da ake ciki mai son karanta yawancin rubutun nan hotunan da Farias da waɗanda suka gabace shi suka ɗauka zai nema, ya zauna da su yana ƙirga haƙoran haruffa.